Filin Tambaya da Amsa: Bokaye ne ko Dattawa Suka Ja Ragamar Tawayen Mutanen Miao?

Wasiƙu uku ne suka taru a hannunmu a kan magana ɗaya, dukkansu kuwa daga karkara suka fito, saboda haka muka ga ya dace mu ba su filin wannan fitowa gaba ɗayansa.

TAMBAYA, daga wani malamin tarihi a makarantar sakandare, ƙaramar hukumar Birnin Kudu, Jihar Jigawa:

Assalamu alaikum. A cikin karance-karancena na ci karo da labarin wata ƙabila ta ƙasar Sin mai suna Miao, wadda aka ce ta sha yi wa sarakunan ƙasar tawaye, kuma wai bokaye da masu hawan iska ne ke shige mata gaba. Na karanta wa ɗalibaina da wasu dattawan garinmu abin da na samu, sai tambayoyi suka fi ƙarfina. Ina roƙon a bayyana mana ko su wane ne mutanen nan, da dalilin da ya sa jagorancin yaƙinsu ya faɗa hannun masu addini maimakon sarakuna.

AMSA:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira, ya kuma saka maka da alheri bisa kai wannan karatu har zauren dattawa.

Miao suna ne da hukumomin Sin suka daɗe suna kiran al'ummomi da dama na duwatsun kudu maso yammacin ƙasar da shi, musamman a lardunan Guizhou da Hunan da Yunnan, kuma ƙidayar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11. Su a tsakaninsu kowane reshe da sunan da yake kiran kansa, harsunansu ma ba duka ke jin juna ba. Akwai Hmu a kudu maso gabashin Guizhou, akwai A-Hmao a arewa maso yammacinsa, akwai kuma Hmong, waɗanda wasunsu suka gangara Biyetnam da Lawos da Tailan, daga baya yaƙi ya kai dubbansu Amurka da Faransa.

Abin da zai buɗe maka kan maganar, Malam, shi ne mutanen nan ba su da sarki. A nan ƙasarmu idan yaƙi ya taso a zamanin da, umarni daga fada yake fitowa, ya sauka ga hakimi, ya wuce ga dagaci da mai unguwa, a buga tambari kowa ya san inda zai taru. A tsakiyar ƙasar Miao kuwa kowane ƙauye cin gashin kansa yake yi a ƙarƙashin dattawan zuriyarsa, tsakanin wannan ƙauye da wancan akwai kwazazzabo da dutse, sau da yawa kuma akwai tsohuwar gaba ta jini. Duk wanda zai haɗa ƙauyuka ɗari su tashi rana ɗaya, dole maganarsa ta zama irin wadda ke tsallake iyakar dangi, kuma a wurinsu maganar da ke da wannan ƙarfi ita ce wadda aka jingina ga kakanni da iskoki. Wannan ne ya sa duk lokacin da ka buɗe tarihin tawayensu sai ka tarar da mai addini a tsaye kusa da mai takobi.

Sai dai kalmar boka da aka ba ka ta haɗa mutanen da aikinsu ya sha bamban. Akwai dattawa masu riƙe da al'ada, waɗanda suka haddace dokokin gargajiya cikin waƙa suna rerawa a wurin shari'a. A kudu maso gabashin Guizhou idan babbar magana ta taso, ƙauyuka kan taru a yanka ɓaunar noma, a kafa dutse a ƙasa ya zama shaida, a yi rantsuwa a kansa, sannan a rarraba naman gida-gida, duk gidan da ya ci kuwa ya shiga alkawarin ke nan. Zuriyoyi kuma suna haɗuwa a kan wani gangan kakanni da ake yi wa babban biki sau ɗaya a cikin shekara goma sha uku. Idan kira ya zama na gaggawa, sai a aika da ɗan itace mai tsaga-tsaga haɗe da gashin kaza da gawayi daga ƙauye zuwa ƙauye, wanda ya gani ya san ana nufin a zo da sauri kamar tsuntsu, domin wuta ta kama. Waɗannan dattawa su ne ƙashin bayan kowane yunƙuri, amma ba kasafai sunansu ke shiga takardun gwamnati ba, saboda aikinsu ba mai hayaniya ba ne.

Masu hayaniyar su ne waɗanda iska ke hawa, kwatankwacin abin da Bahaushe ya sani a bori, su faɗi suna karkarwa, su tashi suna shelar cewa Sarkin Miao ya bayyana ko yana dab da bayyana. Mutanen da ba su da sarki sun rayu da begen wani sarki nasu da zai zo ya mayar musu da ƙasarsu, kuma labarun bakinsu cike suke da zancen wata ƙasa mai albarka da aka kore su daga cikinta tun zamanin kakanni.

Babban tashin farko a zamanin daular Qing, wadda ake furta sunanta Cing, ya zo a 1735. Tun daga 1726 Sarki Yongzheng ya sakar wa gwamnansa Ortai mara ya kawar da sarakunan gargajiya na kudu maso yamma, ya maye gurbinsu da ma'aikatan da ake turowa daga fada, aka kuma tura soja cikin yankunan Miao da ba su taɓa biyan haraji ga kowa ba. Da soja ya zauna sai haraji da aikin dole suka biyo baya. A yankin Guzhou wasu mutum biyu, Bao Li da Hong Yin, suka yi shelar fitowar Sarkin Miao, cikin 'yan watanni wutar ta cinye garuruwa da dama har da Kaili da Huangping. Sabon sarki Qianlong ya tura Zhang Guangsi, wanda ya murƙushe su a 1736 bayan ƙone ƙauyuka fiye da dubu. Abin lura shi ne abin da Qianlong ya yi bayan nasarar: ya yafe harajin yankin, ya kuma yarda a riƙa yanke shari'ar da ke tsakanin Miao da Miao bisa al'adarsu. Sarkin da ya yi haka ya san cewa abin da ya tayar da mutanen ya wuce kururuwar masu iska.

Tashin 1795, a kan iyakar Hunan da Guizhou, shi ne wanda aka fi samun bayaninsa, kuma a nan nake so mu ɗan daɗe. Shekaru da dama kafin nan baƙi 'yan ƙabilar Han, wato ƙabilar da ta fi rinjaye a Sin, suna ta kwararowa yankin, suna ba da bashi da ruwa mai nauyi, manomi ya jinginar da gonarsa, kaka ta zo bai iya fansa ba, gonar ta tafi, ya koma ɗan ƙodago a ƙasar da ubansa ya sare. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san yadda jingina ke cin gona a hankali ba tare da an zare wuƙa ba. A ƙarshen 1794 sai hawan iska ya fara yaɗuwa daga ƙauye zuwa ƙauye, mutane suna faɗuwa suna tashi da makami a hannu, suna cewa Sarkin Miao na tafe, a kori baƙi. Shugabannin da suka fito, wato Shi Liudeng na Songtao da Shi Sanbao na Yongsui da Wu Bayue na yankin Qianzhou, mutane ne masu faɗa a ji a ƙauyukansu tun kafin wannan, kuma sun ɗaure alkawarinsu da rantsuwar jini. Takensu a fili yake: a kori baƙi, a karɓo tsohuwar ƙasa.

An naɗa Wu Bayue da laƙabin Sarki Wu, aka kuma danganta shi da Wu Sangui, wasu suna cewa jininsa ne, wasu suna cewa shi ne ya sake dawowa duniya. Wannan Wu Sangui janar ne ɗan ƙabilar Han, wanda ya buɗe wa Mancu, ƙabilar da ta kafa daular Qing, ƙofar shiga Sin a 1644, ya mulki Yunnan a ƙarƙashinsu, sannan ya juya musu baya a 1673, ya mutu a Hunan a 1678. Ka ga mutanen dutse sun ɗauko sunan wani bare, wanda ya mutu fiye da shekara ɗari kafin lokacin, saboda kawai shi ne mutum na ƙarshe da suka ji ya girgiza gadon sarautar Qing. Wannan na nuna cewa masu shelar nan suna sane da siyasar daular da suke yaƙa, kuma addininsu ya daɗe yana cuɗanya da na maƙwabtansu.

Daular ta kwaso soja daga larduna bakwai ƙarƙashin manyan janarorinta biyu, Fukang'an da Helin, dukansu kuwa cuta ta kashe su a fagen daga a 1796. Wu Bayue bai faɗi a hannun soja ba sai da wani shugaban Miao ɗan'uwansa, Wu Longdeng, ya bashe shi. An kama Shi Sanbao aka kai shi Beijin aka kashe, Shi Liudeng kuma ya mutu yana yaƙi, amma ƙananan tashe-tashe ba su lafa ba sai wajen 1806. Ma'aikacin da aka bar wa yankin, Fu Nai, ya gina ɗaruruwan hasumiyoyin tsaro da ganuwa a kewayen Fenghuang, ya ƙwace gonaki don ciyar da dakaru, ya buɗe makarantun koyar da littattafan Sin, sannan ya hana manyan bukukuwan yanka ɓauna. Ya gane cewa wurin da ake taruwa a yi yanka, nan ne ake taruwa a yi shawara. A ɗaya hannun kuma gwamnati ta rungumi wani wurin bauta da ke kusa da Qianzhou, na wasu 'yan'uwa uku da ake kira Sarakunan Sama, inda Miao da Han duka ke zuwa shan rantsuwar jini idan shari'a ta gagara, ta ba gumakan laƙabi na hukuma domin tsoron da ake yi musu ya koma yi wa daula aiki.

Na uku, wanda ya fi su tsawo da ɓarna, ya fara a 1854 ya kai 1873. Tawayen Taiping, wani babban yaƙin basasa da ya girgiza daular a lokacin, ya tsayar da tallafin kuɗin da sauran larduna ke aika wa Guizhou, ma'aikata suka huce a kan talakawa, suka matsa a biya haraji da azurfa, abin da manomin dutse ba ya da shi. Mutanen Taigong, wani yankin Miao a kudu maso gabashin Guizhou, sun fara da kai kuka a rage musu, da aka ƙi saurarensu sai suka yi rantsuwa irin ta gargajiya a 1855, suka bi Zhang Xiumei, wanda ɗan ƙodago ne da ya rasa gona, ba matsafi ba. Ya riƙe yankin shekara goma sha bakwai, mutanensa suka yi wa rundunar Hunan mummunan kaye a Huangpiao a 1869, kafin a kama shi a 1872 a kashe shi a Changsha. A wannan karon wani sabon nau'in jagora ya shigo, wato malaman ƙungiyoyin asiri na 'yan Han masu tushe a ɗariƙar Farin Bado, waɗanda ke wa'azin cewa zamani ya zo ƙarshe kuma mai ceto na tafe. Fitaccensu shi ne wani tsoho daga Sichuan mai suna Liu Yishun, wanda rundunoninsa masu tutoci ja da fari da rawaya suka mamaye arewacin lardin har aka kashe shi a 1868. Masanin tarihi Robert Jenks, wanda ya bi takardun wannan yaƙi, ya nuna cewa laƙaba masa sunan Miao kaɗai kuskure ne, domin akwai Han da Buyi da Dong da Shui a ciki, har da Musulmi 'yan ƙabilar Hui a kudu maso yammacin lardin, a daidai lokacin da Du Wenxiu ke riƙe da daular Musulmi a Dali ta Yunnan daga 1856.

Za ka lura cewa 1735 da 1795 da 1855 shekara sittin-sittin ne a tsakaninsu, kuma a lissafin Sinawa, wanda ke zagayowa duk shekara sittin, suna ɗaya ukun suke ɗauka, duka shekarun zomo ne. Har karin magana ake yi a can cewa Miao na yin ƙaramin tawaye duk shekara talatin, babba kuma duk shekara sittin. A ganina babu wani asiri a cikin lissafin. Shekara sittin ta isa waɗanda suka ga ƙunar yaƙin baya su ƙare, jikokinsu su taso su tarar gonar da ta rage ta sake tafiya.

Gargaɗi ɗaya zan yi maka kafin ka koma aji. Kusan duk abin da aka rubuta a kan waɗannan shugabanni, maƙiyansu ne suka rubuta shi, da yawa daga bakin fursunonin da ake tuhuma cikin azaba ta hanyar tafinta. Kalmar da ma'aikatan Qing suka yi amfani da ita ga hawan iskar 1794 tana nufin taɓin hankali. Ma'aikacin da ya rubuta wa sarki cewa hauka ce ta kama mutane ya tsira daga tambayar wa ya cinye gonakinsu, saboda haka ka koya wa ɗalibanka su riƙa tambayar wa ya riƙe alƙalamin.

TAMBAYA, daga wani dattijo manomi a ƙaramar hukumar Sumaila, Jihar Kano, ta hannun jikansa:

Jikana ya karanta mini labarin mutanen nan a wayarsa, sai na tuna da abin da kakanninmu ke ba mu na Ningawa da suka riƙa kawo hari ƙasarmu. Shin ba tafiyarsu ɗaya ba?

AMSA:

Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Kwatancenka ya fi wanda yawancin masu karatun boko za su kawo, domin su Satiru suka fi saurin tunawa, inda masu da'awar Mahadi suka kashe Turawa uku a 1906 kafin a rushe garin. Ningi ta fi kusa da maganar.

Wajen 1846 Malam Hamza ya bar Tsakuwa a ƙasar Kano tare da wasu malamai bayan saɓani da masu mulki a kan kuɗin ƙasa, ya shiga duwatsun Ningi, inda ya tarar da Butawa da Warjawa da Fa'awa da wasunsu, kowace al'umma a kan dutsenta, ba su da sarki guda. Da kwarjinin malanta da sunan da ya yi na mai asiri ya haɗa kansu, magadansa irin su Ɗan Maje suka mayar da haɗin ya zama ƙarfin da ya hana Kano da Bauchi barci shekaru da dama, kuma garuruwan kudancin Kano irin naku su suka fi ɗanɗana kuɗarsa, har zuwa faɗuwar Ɗan Yaya a hannun Turawa a 1902. Dutse, da haraji, da mutanen da ba su da fada, da mai addini wanda ya zo ya ɗinke su: duk waɗannan akwai su a Guizhou, kuma Liu Yishun, baƙo mai littafi da ya hau dutse ya sami mabiya, shi ya fi kama da malaman Tsakuwa.

Inda suka rabu yana da muhimmanci. Malaman Ningi sun zo da rubutu da ilimin yadda ake tafiyar da masarauta, saboda haka abin da suka kafa ya zama sarauta mai gado, wadda take nan har yau a Jihar Bauchi. Sarkin Miao kuwa, duk lokacin da aka yi shelarsa, ba ya wuce 'yan watanni ko 'yan shekaru, domin rantsuwar da aka yi a kan dutse tana ɗaure ƙauyuka ne ga manufa ɗaya, ba ta ba wani ikon ya karɓi haraji ko ya naɗa hakimai. Da zarar daula ta fara yi wa wannan ƙauye afuwa tana ba wancan shugaba muƙami, sai haɗin ya fara warwarewa ta inda aka ɗinke shi, kamar yadda aka gani a kan Wu Bayue. Sannan ina roƙon Baba ya riƙe cewa kamannin yana ga yanayin zaman jama'a ne kawai. Malam Hamza da jama'arsa Musulmi ne masu karatun Alƙur'ani, addinin Miao na wancan zamani kuwa bautar kakanni da iskoki ne, ya fi kusa da abin da muka sani a wurin Maguzawa.

TAMBAYA, daga wata ɗalibar kwalejin horar da malamai, 'yar ƙaramar hukumar Gwaram, Jihar Jigawa:

Ni abin da ya dame ni shi ne rayukan da aka rasa. Ashe waɗannan masu iska ba mayaudara ba ne da suka yi wa talakawa alkawarin ƙarya suka kai su ga halaka? Kuma me ya sa aka ce suna yawan maganar wani littafi da ya ɓata?

AMSA:

'Yata, damuwarki tana kan hanya, kuma ba zan rage mata nauyi ba. A matsayinmu na Musulmi mun san gaibu na Allah ne shi kaɗai, kuma duk wanda ya ce wa mutum harsashi ba zai huda shi ba, ya ɗauki alhakin jininsa. An yi irin wannan alkawari. A tawayen da Pa Chay Vue ya jagoranci Hmong a kan Faransawa a arewacin Biyetnam da Lawos daga 1918 zuwa 1921, ya ce daga sama yake karɓar umarni, kuma mayaƙansa kan bi wata budurwa mai riƙe da tuta wadda suka yi imani tana kaɗe harsashi. Mu ma nan mun san maganin bindiga da maganin ƙarfe, mun kuma san gidajen da suka yi makoki saboda su. A yaƙin 1854 zuwa 1873 an ruwaito cewa mutum kusan miliyan biyar ne suka mutu a Guizhou, adadin da masana ke ganin an zuzuta shi, amma ko da an rage shi sosai, abin da ya saura ya isa ya sa mutum ya yi shiru.

Duk da haka ban yarda a tattara laifin a ɗora wa masu iska ba. Mayaudari yakan tsere idan rana ta ɓaci, waɗannan kuwa mafi yawansu sun mutu tare da mabiyansu, wasu a fagen daga, wasu a hannun hauni, Pa Chay ma a daji aka kashe shi. Ba su ne suka ƙirƙiro bashin da ya cinye gonaki ba, ba su ne suka ce a biya haraji da azurfa ba, kuma mutanen Taigong sai da suka kai kuka ta hanyar lalama aka kore su. Abin da mai iska ya kawo shi ne ranar tashi da ƙarfin zuciyar tunkarar rundunar da ta fi su yawa da makami, ga mutanen da tura ta riga ta kai su bango. Faransawa sun kira yaƙin Pa Chay yaƙin mahaukaci, kalmar da ma'aikatan Qing suka riga su amfani da irinta, amma bayan sun kashe wutar sai suka sassauta ikon da suka ba sarakunan wasu ƙabilu a kan Hmong, suka bar su da shugabanninsu a wasu yankuna. Wanda ya gyara abin da aka yi kuka a kansa ya amsa cewa kukan na da tushe, ko da bakinsa bai faɗa ba.

Maganar littafi kuwa ita ce ta fi taɓa ni a duk tarihin nan. Rassan Miao da yawa suna da labarin cewa a da suna da rubutunsu, amma lokacin da aka kore su suna tsallaka wani babban kogi sai littattafan suka faɗa ruwa, a wata ruwayar dawaki suka cinye su, a wata kuma mutanen da kansu suka ci saboda yunwa, shi ya sa iliminsu ya koma cikin ciki, wato hadda. Wasu matansu na cewa zanen da suke yi wa tufafi da allura ragowar wancan rubutu ne. Ki tuna cewa daular da ke mulkinsu da takarda take mulki: takardar bashi, takardar jingina, rajistar haraji, ƙarar da ake shigarwa kotu, jarrabawar da ake ci a zama ma'aikaci. Manomin da aka karɓe gonarsa da wata takarda da ya dangwala wa hannu bai san abin da ke cikinta ba, ba sai an yi masa dogon bayani a kan darajar rubutu ba, kuma ke da kike shirin koyar da yaran karkara kin fi ni sanin irin wannan manomi. Don haka a begensu sarkin da zai zo da littafi zai zo, kuma mai da'awar sarauta yakan nuna wasu alamu da ya ce daga sama aka saukar masa, kamar yadda Pa Chay ya riƙa rarraba rubutattun layu.

Wannan bege ya fita ta wata ƙofar da ba ta yaƙi ba. A 1904 wasu mutanen A-Hmao suka isa garin Zhaotong wurin wani ɗan mishan Bature daga Ingila, Samuel Pollard, suna neman a koya musu karatu, kafin a jima suka riƙa zuwa ɗari-ɗari har suka kai dubbai. Shi da abokan aikinsa 'yan Miao da 'yan Han suka tsara wa harshen haruffa, suka kafa makaranta a Shimenkan, mutane da yawa kuma suka karɓi haruffan a matsayin littafin kakanni da ya dawo, suka shiga Kiristanci ƙauye-ƙauye. A kan iyakar Lawos da Biyetnam kuma, a 1959, wani manomi Hmong da bai taɓa shiga makaranta ba, Shong Lue Yang, ya fito da nasa tsarin rubutu mai suna Pahawh, ya ce wahayi aka yi masa, jama'a suka taru a kansa suna kiransa Uwar Rubutu. Taron ya tsorata ɓangarorin da ke yaƙi a Lawos, kowanne yana zarginsa da yi wa ɗayan aiki, aka tsare shi na wani lokaci, sannan aka harbe shi a 1971. Almajiransa sun fita da rubutun zuwa sansanonin gudun hijira na Tailan, daga nan ya bi su Amurka, kuma tun 2014 haruffansa suna cikin tsarin haruffan kwamfuta na duniya, ana iya buga su a waya irin wadda jikan Baba na Sumaila ya karanta masa labarin da ita.